Abin Da Takardar Fili Ba Ta Faɗa: Potiskum Da Darasin Gubar Dalma

Matafiyin da ya taso daga Kano ko Bauchi ya nufi Maiduguri ba ya buƙatar allo ya shaida masa cewa ya iso Potiskum. Tireloli ne ke fara tarbarsa, jere a gefen titi, wasu an ɗage kawunansu ana gyara, wasu na jiran lodin shanu daga karar garin, wadda ake lissafawa cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. A jikin kowace tirela akwai jerin masu neman abinci: kanikawa, masu walda, masu faci, masu juye, masu cajin batir, da 'yan gwangwan da ke sayen abin da ya mutu. Wannan shi ne arzikin garin, kuma babu mai hankalin da zai so a taɓa shi.

Sai dai kowace daga cikin waɗannan sana'o'i tana barin wani abu a ƙasa. Baƙin man da aka juye daga inji, ruwan batir da aka zubar don a rage nauyi, garin dalmar da ke kakkaɓowa idan an fasa tsohon batir, man da ke tsiyaya daga tankin gidan mai da ya tsufa a binne. Rana ba ta ƙone su, ruwan sama kuwa tura su ƙasa kawai yake yi.

Ƙaramar hukumar Potiskum ba ta da yalwar ƙasa. Faɗinta murabba'in kilomita 559 ne, amma a ƙidayar 2006 an samu mutum 205,876 a cikinta, kuma tun daga lokacin ta karɓi baƙi masu yawa, ciki har da waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da garuruwansu. A gari irin wannan, garejin da jiya yake bayan gari yau gidaje sun zagaye shi, gobe kuma a tashi kanikawan a yanka wurin fulotai. Mai saye zai nemi takarda, ya tambayi dillali, ya je wurin mai unguwa, ya kafa shaidu don kada a sayar masa da rigima. Zai duba ko ruwa na kwanciya da damina. Tambaya ɗaya ce ba ta cikin al'adar cinikin fili a ƙasar nan: me aka yi shekara ashirin ana zubarwa a wannan wuri?

Babu wanda ke cewa Potiskum na fama da annoba. Amma Arewa ta riga ta ga abin da gurɓatacciyar ƙasa ke iya yi a tsakar gida, ta kuma ga yadda ake auna ta da yadda ake kwashe ta. Darasin yana Zamfara.

Agwagi ne suka fara mutuwa

A farkon 2010 mazauna wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum sun lura agwaginsu na ƙarewa. Ba a ɗauki abin da muhimmanci ba. Cikin watan Maris, ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da ke sa ido kan cutar sanƙarau suka samu labarin cewa yara ƙanana na mutuwa da yawan da ya wuce hankali, bayan amai da jijjiga da suma. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi aiki ba. Da aka aika jinin yaran waje aka gwada, sai aka tarar dalma ce.

Tushen abin zinare ne. Farashinsa ya tashi a kasuwar duniya, manoma suka shiga haƙa, dutsen da suke haƙowa kuma cike yake da dalma. Suna kawo shi gida, a farfasa, a daka a turmi ko a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, a wanke, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta sauka a kan tabarma da kwano da hatsi da ƙasar da jariri ke rarrafe a kai yana kai hannu baki. Binciken da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi tare da hukumomin Najeriya a ƙauyuka biyu ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Gaba ɗaya an ƙiyasta cewa yara fiye da 400 ne suka mutu.

Don a gane girman abin, ga ma'auni. A wancan lokaci, mizanin da Amurka ke amfani da shi a wurin wasan yara shi ne kada dalma ta wuce miligiram 400 a kilo ɗaya na ƙasa. A 2024 ma ta rage shi zuwa 200. A wasu wurare na ƙauyukan Zamfara an auna fiye da 100,000, ma'ana kashi ɗaya cikin goma na ƙasar dalma ce. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta daɗe da bayyana cewa babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa. Wanda bai mutu ba yana iya tashi da raunin ƙwaƙwalwa da ba ya warkewa, kuma yawanci ba a gane dalili. Sai a ce yaron ba ya gane karatu, ko a ɗora wa aljanu.

A nan likitocin suka faɗi maganar da ta sauya tafiyar aikin baki ɗaya. Akwai maganin da ke janye dalma daga jini, amma ba shi da amfani idan za a mayar da yaro gidan da ya kwaso gubar. Yana iya ma zama haɗari. Saboda haka sai an tsabtace gida kafin a yi wa ɗan gidan magani. Aikin likita ya koma jiran mai shebur.

Yadda aka kwashe ƙasar

Kamfanin injiniyoyin muhalli na TerraGraphics daga jihar Idaho ta Amurka, wanda ya ƙware a irin wannan aiki a tsohuwar ma'adinar Bunker Hill, shi ya tsara yadda za a yi, tare da cibiyar Blacksmith da ma'aikatar muhalli ta Zamfara. Kayan aikin da ya fi muhimmanci wata na'ura ce ta hannu da ake kira XRF, mai kama da ƙaramar bindiga. Ana ɗora bakinta a ƙasa, cikin ƙasa da minti ɗaya ta nuna yawan dalmar da ke wurin. Da ita aka bi gida-gida, ana zana taswirar kowace tsakar gida, ana rubuta adadi a kowane lungu: gindin turmi, bakin rijiya, ƙofar ɗaki, madafa.

Taswirar ce ke yanke hukunci. Inda adadin ya haura 1,000, a kankare saman ƙasar kimanin santimita 5, a sake aunawa, idan bai sauka ba a ƙara kankarewa. Inda yake tsakanin 400 da 1,000, a rufe da ƙasa mai tsabta wadda ita ma an gwada ta kafin a kawo. Abin da aka kwashe a zuba a buhuna, a kai wani rami da aka haƙa musamman nesa da gari da ruwa, a binne a rufe. Sannan a share ɗakuna, a wanke kaya. Yawancin aikin da hannu aka yi shi, da fartanya da shebur da baro, kuma 'yan ƙauyen ne aka ɗauka aka horar. Da yake gidajen na kulle ne, an buƙaci amincewar sarakuna da masu gida, an kuma buƙaci mata a cikin masu aikin, domin su ne za su iya zama da matan gida su ji ainihin inda ake daka da inda ake shanya. Injiniyan da ya raina wannan ɓangare, taswirarsa ƙarya za ta faɗa masa.

An fara da Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, ana tsere da damina. Daga ƙarshen shekarar zuwa farkon 2011 aka yi Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru da Duza, da tallafin asusun agajin gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya. Saura Bagega, wadda ta fi su duka girma.

Labarin Bagega ne ya kamata duk mai riƙe da fayil a Abuja ya sani. An san matsalar, an san maganinta, masu aikin na nan, an kuma gwada hanyar a ƙauyuka bakwai ta yi. Kuɗi kawai ake jira. A watan Mayun 2012 aka yi babban taro a Abuja kan gubar, aka yi maganar naira miliyan 850 da Gwamnatin Tarayya ta yi alƙawari. Damina ta zo ta wuce, kuɗi bai fito ba. Ƙungiyar Human Rights Watch ta yi ta nanata cewa yara kusan 1,500 na jiran magani a garin, kuma ba za a iya ba su ba. Sai da matasan Follow The Money, ƙarƙashin Hamzat Lawal, suka tayar da gangamin ceton Bagega a intanet, kafin gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta saki kuɗin a farkon 2013. Aikin kansa 'yan watanni ya ci. Jiran sa hannu ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba.

Da aka kammala ƙauyuka takwas, lissafin da masu aikin suka wallafa ya nuna an kwashe gurɓatacciyar ƙasa fiye da mita kubik 27,000 daga gidaje da wuraren sarrafa dutse 820. Idan kowace tifa na ɗaukar mita kubik 10, lodi 2,700 ke nan. Yara fiye da 2,000 suka samu magani, kuma matsakaicin dalmar da ake samu a jinin yaran da ake kawowa ya sauka daga maikirogiram 149 a desilita zuwa 15. Duk da haka abin bai zama izina yadda ya kamata ba. A 2015 irin wannan guba ta kashe yara 28 a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, aka sake jiran kuɗi. A Zamfara ma wasu gidajen da aka tsabtace sun sake gurɓata, domin talauci bai tafi ba, zinare kuma bai ƙare ba. Abin da ya taimaka daga baya shi ne koya wa mahaƙan yin niƙa da ruwa don kashe ƙura, da wanka da sauya tufafi kafin shiga gida. A 2022 MSF ta miƙa shirin ga gwamnatin jihar.

Ina ruwan Potiskum?

Wani zai ce Potiskum ba garin zinare ba ne. Gaskiya ne. Amma dalma ba ta san hanyar da ta bi ta shigo gida ba. Fiye da rabin nauyin batirin mota dalma ce, kuma tana narkewa a zafin digiri 327, wanda wutar gawayi ma tana kaiwa. Ba a buƙatar masana'anta kafin a narka ta. Tukunya da murhu sun isa. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka mutu a unguwar Ngagne Diaw da ke Thiaroye, a gefen birnin Dakar na Senegal. An yi shekaru ana fasa batura a unguwar, har ƙasar wurin ta cika da dalma, sannan mutane suka fara tankaɗe ƙasar a gidajensu suna sayarwa. Babu ma'adina a wurin. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, kuma garin da ke ciyar da tireloli, ga kuma baturan sola da ke ƙaruwa a gidaje da shaguna, yana tara mataccen batir kullum. Su ma dabbobi ba su tsira ba: likitocin dabbobi sun san cewa lasar tsohon batir na cikin manyan hanyoyin da dalma ke kashe shanu.

Na biyu shi ne mai. Baƙin mai na ɗauke da ƙarafa da sinadaran da ke haddasa cutar daji, fetur kuma na ɗauke da benzin, wanda ke bin ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi tafiya. A garin da jama'a suka dogara da rijiyoyi da burtsatse, tankin da ke yoyo a gidan mai guda yana iya ɓata ruwan maƙwabta shekaru kafin wani ya ji wari. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan yankin Ogoni a watan Agustan 2011 ya samu rijiyoyi a Nisisioken Ogale da benzin ɗinsu ya ninka mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900, ya kuma ƙiyasta cewa gyaran yankin zai ci shekara 25 zuwa 30. Gareji ba rijiyar ɗanyen mai ba ne, amma hanyar da guba ke bi ta kai ga ruwa iri ɗaya ce.

Akwai bambanci mai amfani tsakanin gubar biyu. Mai yana ruɓewa. Idan aka tono ƙasar da ya jiƙa, aka baje ta a kan shimfiɗar da ba ta yoyo, aka cakuɗa da taki, ana juyawa ana yayyafa ruwa, ƙwayoyin halittar cikin ƙasa na cinye mafi yawansa cikin watanni. Kashin shanu na cikin takin da ake amfani da shi, kuma in ana maganar kashin shanu, Potiskum ba ta roƙon kowa. Dalma kuwa ba ta ruɓewa har abada. Ko a kwashe ta, ko a rufe ta, sannan a rubuta inda aka kai ta.

Gibin da ke cikin doka

Dokokin muhalli na Najeriya daga gurɓataccen fili suka samo asali. A 1988 aka gano dubban gangunan shara mai guba da aka shigo da su daga Italiya aka jibge a wani fili a garin Koko, cikin tsohuwar Jihar Bendel, ana biyan mai filin 'yan kuɗin haya. Kafin shekarar ta ƙare gwamnatin soja ta kafa dokar haramta shara mai cutarwa, ta kuma kafa hukumar FEPA. A 1992 aka yi dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli, a 1999 aka kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, a 2006 NOSDRA mai kula da malalar mai, a 2007 kuma NESREA. A 2024 aka fitar da ƙa'idoji na musamman kan batura.

Hukumomi ba su yi kaɗan ba. Matsalar ita ce yadda aka raba musu aiki. Dokar 1992 ta fi duban gaba, wato abin da babban aiki zai jawo idan aka yi shi. Ba ta shafi mutumin da zai sayi fuloti a tsohon gareji ba. An cire harkar mai da gas daga hurumin NESREA, don haka gidan mai na ƙarƙashin wasu hukumomin daban. Ita kuwa ƙasar kanta, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ta amana a hannun gwamna, shi ke ba da takardar mallaka a birane, kuma sai da amincewarsa ake sauya hannu. Takardar na faɗin girman fili da iyakokinsa da abin da aka yarda a gina a kai. Ba ta faɗin abin da ke cikin ƙasar.

Amurka ta toshe irin wannan giɓi bayan abin kunyar Love Canal, inda aka gina makaranta da gidaje a kan juji na sinadarai. Dokar da ta kafa a 1980 ta ɗora alhakin gyara har a kan wanda ya sayi filin daga baya, gyaran da aka yi wa dokar bayan haka kuma ya keɓe wanda ya nuna cewa ya yi bincike kafin saye. A hankali bankuna suka daina ba da bashi a kan filin kasuwanci ba tare da rahoto ba. Binciken hawa biyu ne. Na farko ba ya buƙatar ɗakin gwaji: a duba tsofaffin takardu da hotunan sama, a zaga wurin, a tambayi waɗanda suka daɗe a unguwar. Sai an ga abin zargi ake hawa na biyu, a ɗebi ƙasa da ruwa a gwada.

Hawan farko ya fi sauƙi a Potiskum fiye da Amurka. Mai unguwa a Dogo Tebo ko Yerimaram ya san wane fili ne aka yi shekaru ana fasa batir, shugabannin kanikawa sun san inda ake zubar da baƙin mai, tsofaffin direbobi sun san gidajen man da suka mutu aka bar tankunansu a binne. Wannan ilimi yana nan kyauta, amma yana tafiya kabari tare da masu shi. Hukumar YOGIS da ke rajistar filaye a Yobe za ta iya ƙara layi guda a takardar neman mallaka ko sauya amfanin fili, a rubuta abin da aka yi a wurin a da. Hukumar kare muhalli ta jihar za ta iya riƙe rajistar wuraren da ake zargi. Ga hawa na biyu, akwai Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, tafiyar kilomita 100, wadda masananta suka riga suka shiga binciken ciwon ƙodar da ya addabi yankin Gashuwa, akwai kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha a cikin Potiskum ɗin kanta. Na'urar XRF guda ba ta kai kuɗin motar babban jami'i ba.

Rabon Abuja a cikin wannan ya fi yadda ake zato. Ajin firamare, ɗakin shan magani, rijiyar burtsatse da rukunin gidaje da ake sawa a kasafin kuɗi da sunan ayyukan mazaɓu, duka a kan fili ake yin su, kuma sau da yawa filin da aka samu a sauƙaƙe ne, wanda al'umma ko ƙaramar hukuma ta bayar domin babu mai so. Ya kamata mai taimaka wa ɗan majalisa, ko jami'in da ke duba takardun kwangila, ya tambayi dalilin da ya sa babu mai son sa. Sharaɗi guda a takardar kwangila, cewa a kawo tarihin fili da sakamakon gwajin ƙasa da ruwa kafin a biya kuɗin somin aiki, bai buƙatar sabuwar doka.

Ba kuma korar kanikawa ce mafita ba. Zamfara ta gwada haramta haƙar zinare, sana'ar ta koma ɓoye, ɓoyon kuma a cikin gida ake yin sa, kusa da yara. Abin da ke aiki shi ne daɓen siminti a wurin juye, ganga ta tara baƙin mai, da mai saye mai lasisi da zai biya mataccen batir farashin da ya fi na mai fasawa, da sharaɗin a kawo shi da ruwansa a ciki.

Akwai kuma kalanda. Ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasa cikin ruwan sama, domin ruwan zai ɗauke ta ya raba wa maƙwabta da kududdufai. A yankin Potiskum damina na kankama ne daga watan Yuni zuwa Satumba. Kuɗin aikin da aka amince da shi a Janairu amma aka saki a Yuli, sai Nuwamba zai taɓa ƙasa, kuma a tsakanin nan yaron da yake rarrafe ya riga ya yi watannin da ya fi kai hannu baki.